Babbar Taya A Ƙaramar Mota: Darasin Da Motar Wasa Ta Ba Mu A Bakin Ruwan Yauri

Hutun da ya wuce na je gida Yelwa, na tarar ɗan yayata yana ta ƙunci da motarsa. Mota ce ta wasa mai rimot, irin mai batirin caji, babansa ya sayo masa a Kano. A tsakar gida, kan siminti, gudu take kamar ɓera. To amma yaron ba tsakar gida yake so ba, bakin ruwa yake so. Duk wanda ya san Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a 1968, ya san cewa daga bazara zuwa farkon damina ruwan kan ja baya sosai, ya bar rairayi da busasshen taɓo mai tsattsagewa. Nan ne filin wasan yara. A can kuwa motar ba ta yin nisan taku biyar sai cikinta ya zauna kan yashi, tayoyi na ta juyawa a banza.

"Kawu, a sa mata manyan tayoyi mana, irin na Hilux," in ji shi.

Na ce to. Muka samo tayoyin wata tsohuwar motar wasa da ta lalace, wani mai gyaran rediyo ya taimaka mana aka ɗaura. Ranar farko murna kamar me, don mota ta haye yashi, ta tsallake tsagar taɓo. Kafin mako ya zagayo kuwa, sai ga ƙorafi kashi-kashi. Motar ta yi nauyin tashi. Batir na ƙarewa da wuri. Injin na zafi har da ƙaurin waya. Tana tsalle-tsalle a kan gargada, tana kifewa a kwana. Daga ƙarshe ɗan hannun roba da ke juya tayar gaba ya karye.

A matsayina na ɗalibin fiziks, abin ya ba ni kunya, domin duk waɗannan abubuwa lissafinsu na nan a littafin shekarar farko ta jami'a. Shi ya sa na ɗauki rula da ma'aunin kicin na auna komai. Dalilin da ya sa nake kawo muku labarin shi ne, dokar da ta kifar da motar yaron ita ce dai ke aiki a kan babur ɗin ɗan acaɓa da motar da ke ɗauko albasa da kifi daga kasuwar Yauri.

Ga abin da na auna. Tsohuwar taya tsayinta daga ƙasa zuwa sama santimita 8, nauyinta giram 40. Sabuwa santimita 10, giram 70. Wato tsayi ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, nauyi kuma da kashi 75. Ka riƙe waɗannan lambobi, da su za mu yi ta aiki.

Ribar da aka samu

Bari mu fara da gaskiyar yaron, domin bai yi kuskure ba. Babbar taya na da amfani ta hanya uku.

Na farko, tana ɗaga cikin mota daga ƙasa. Sai dai a lura, ba duk ƙarin tsayin ake samu ba, rabinsa ne, saboda mota a tsakiyar taya take rataye. Ƙarin santimita 2 a taya ya ɗaga motar da santimita 1 kacal.

Na biyu, tana hawa tudu da sauƙi. Ka tura baro ka ci karo da bulo, sannan ka tura amalanken shanu kan bulon nan, za ka ji bambanci. Lissafi ya nuna cewa idan tsohuwar tayar ta ci karo da dutse mai tsayin santimita 1, sai an tura ta da ƙarfin da ya kai kashi 88 cikin 100 na nauyin da ke kanta kafin ta haye. Sabuwar kuwa kashi 75 ya ishe ta.

Na uku, sawunta a ƙasa ya fi tsawo da faɗi, don haka nauyin ya bazu, ba ta nutsewa cikin yashi. Hikimar tafin raƙumi kenan.

Wannan neman sauƙi a kan muguwar hanya shi ne ma asalin tayar iska da muke amfani da ita. John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi ɗan Sikotilan da ke zaune a Belfast, keken ɗansa mai ƙafa uku ya naɗa wa robar da aka hura wa iska, ya kuma yi rajistar fasahar a 1888. Daga baya aka gano cewa Robert William Thomson ya riga shi tun 1845. Ka ga kenan taɓa tayar abin wasan yara ba yau aka fara ba.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce taya abu uku ce a lokaci guda: hannun sifana ce, nauyi ce, kuma tsani ce da ke ɗaga mota. Ba yadda za a yi ka ƙara ɗaya ka bar sauran.

Taya hannun sifana ce

Duk wanda ya taɓa kwance noti ya san cewa sifana mai dogon hannu ta fi sauƙin aiki. Abin da ake kira ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da ka sa, a ninka shi da tsawon hannun. A wajen taya, abin juyawa yake yi. Inji ne ke murɗa tsakiya, ƙasa kuma tana can ƙarshen hannun. Idan hannun ya ƙara tsawo, ƙarfin da ke isa ƙasa raguwa yake yi.

A motar yaron, tazarar tsakiyar taya zuwa ƙasa ta tashi daga santimita 4 zuwa 5. Ƙarfin tura mota ya koma 4 bisa 5 na yadda yake a da, wato an yi asarar kashi 20 cikin 100. Kamar direba ne ya ce zai tayar da mota da giya ta biyu maimakon ta ɗaya. Nauyin tashin da yaron ya gani kenan.

Zafin injin fa? A irin wannan ƙaramin injin lantarki, ƙarfin murɗa na tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar da yake ja daga batir. Don ya ba da irin turin da yake bayarwa a da, sai ya ja ƙarin wuta kashi 25 cikin 100. Zafin da ke fita daga waya kuwa ba daidai da wutar yake ƙaruwa ba, wutar ake ninkawa da kanta. 1.25 sau 1.25 ya ba da 1.56. Wato zafi ya ƙaru da kashi 56 cikin 100. Ka haɗa wannan da ranar watan Afrilu a Yauri da yashi mai riƙe taya, ba sai an faɗa maka daga ina ƙaurin ya fito ba.

Akwai kuma wani haraji na uku. Abu mai juyawa yana da taurin kai wajen fara juyawa da wajen tsayawa, kuma taurin kan ya dogara da nauyinsa da kuma nisan nauyin daga tsakiya, shi ma nisan a ninka shi da kansa. Nauyi ya ninka sau 1.75, nisa sau 1.56, idan ka haɗa su za ka samu kusan 2.7. Kowace taya ta kusa ninka taurin kanta sau uku. Inji zai sha wuya wajen tayar da ita, birki ma zai sha wuya wajen tsayar da ita.

Nauyi iri biyu ne a jikin mota

Yanzu mu zo kan abin da makanikai ke kira ƙafar mota, injiniyoyi kuma su ce sasfenshon: sifirin, shokozoba, da hannayen da ke riƙe da taya. Mutane da yawa sun ɗauka aikin ƙafa shi ne kawai fasinja ya ji daɗin zama. Wannan aiki na biyu ne. Babban aikinta shi ne ta riƙa danna taya a ƙasa kowane lokaci. Tayar da ke sama ba ta birki, ba ta sitiyari, ba ta tura mota.

Injiniyoyi kan raba nauyin mota gida biyu. Akwai nauyin da ke kan sifirin: gangar jiki, inji, fasinja da kaya. Akwai kuma nauyin da ke ƙarƙashin sifirin: taya, rim, boris, birki da wani ɓangare na hannayen. Ka ɗauka mutum ne zaune kan kujera yana danna ƙwallo a ƙasa da tafin hannunsa. Idan ƙwallon na roba ne marar nauyi, duk tsallen da ya yi zai mayar da shi ƙasa nan take. Idan kuwa dutsen niƙa ne ya yi tsallen, mutumin ne zai tashi daga kujera.

Haka abin yake. Idan taya ta daki dutse, sama take yi, sifirin ya matse, sannan ya turo ta ƙasa. Da me sifirin ke dogara wajen turowa? Da nauyin gangar jikin da ke kansa. A motar yaron gangar jiki kusan giram 1,000 ce, wato kowace kusurwa na ɗauke da giram 250. A da, taya da ƙarafunanta giram 60 ne a kowace kusurwa, yanzu sun zama 90. A da gangar jiki ta fi abin da take dannawa nauyi fiye da sau huɗu, yanzu bai kai sau uku ba. Da na buga lissafin, sai na ga duk lokacin da taya ta rabu da ƙasa, tana ƙara jimawa a sama da kimanin kashi 17 cikin 100 kafin ta dawo.

Ɗan lokaci ne ƙanƙani, bai kai ƙiftawar ido ba. Amma a kan gargada, inda tudu ke bin tudu, kafin taya ta gama saukowa wani tudun ya sake cilla ta. Sai ka ga mota na tafe tana rawa, ka juya sitiyari ba ta ji. Sannan dukan da taya mai nauyi ke yi wa gangar jiki ya fi ƙarfi, kamar yadda dukan guduma ya fi na cokali. Wannan ne dalilin da ya sa masu tseren mota ke kashe maƙudan kuɗi a kan rim marar nauyi.

Sifirin daban, shokozoba daban

Nan ma akwai ruɗani da ya kamata a warware. Sifirin ajiye ƙarfi yake yi, ba ya cinye shi. Robert Hooke na Ingila ya wallafa dokarsa a 1678: gwargwadon yadda ka matsa sifirin, gwargwadon yadda zai turo ka. Idan ka ɗora nauyi a kan sifirin ka danna ka saki, zai yi ta lilo sama da ƙasa. A motar mutane, gangar jiki kan yi wannan lilo kamar sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa, ita kuwa taya tana iya karkarwa sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa.

Shokozoba ce ke kashe lilon. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan huda. Duk motsin da taya ta yi, sai an tilasta wa man ya bi ta hudar, ƙarfin motsin ya koma zafi ya fice. In kana so ka tabbatar, bayan doguwar tafiya a kan hanyar ƙauye marar kwalta, ka kai hannu kusa da shokozobar babur, za ka ji ɗumi.

Kamfani na zaɓen kaurin man da girman hudar ne daidai da nauyin tayar da ya sa. Ka ƙara wa taya nauyi, ka ba shokozoba aikin da ba a auna ta da shi ba. Ba za ta iya kwantar da tayar da wuri ba, za ta riƙa zafi fiye da kima, mai ya tsinke, robar bakinta ta fara yoyo.

Da na buɗe ta motar yaron, sai na tarar ma babu mai a ciki. Sifirin ne kawai a kan sandar roba, kamar yadda yake a yawancin motocin wasa masu araha. Da ƙaramar taya abin bai fito fili ba, babbar ce ta tona asiri. Motocin rimot na masu sha'awar tsere, irin waɗanda kamfanoni kamar Tamiya na Japan da Traxxas na Amurka ke yi, da yawansu suna da shokozoba ta gaske mai man silikon, kuma ana sayar da man kauri daban-daban domin duk wanda ya canza taya ya canza mai.

Me ya sa take kifewa a kwana?

Kowane abu yana da cibiyar nauyi, wato wurin da za ka ɗauka duk nauyinsa a nan ya taru. Masu tuƙa kwale-kwale daga Zamare ko Wara sun fi kowa sanin wannan: kaya masu nauyi a ƙasan jirgi ake shimfiɗa su, kuma ba a son fasinja su miƙe tsaye a tsakiyar ruwa.

Ga mota akwai lissafi mai sauƙi. Ka auna tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, ka raba biyu, sannan ka raba da tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa. Lambar da ka samu, in ta yi girma motar na da wuyar kifewa. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, tana amfani da wannan lamba wajen auna haɗarin kifewar motoci. Ƙananan motocin gida kan samu tsakanin 1.3 da 1.5, dogayen motoci irin jif da a-kori-kura kuwa sukan sauko ƙasa da haka, wasu har kusa da 1.

A motar yaron tazarar tayoyi santimita 18 ce, cibiyar nauyi kuma na ƙiyasta ta a santimita 7. Lambar ta kama 1.29. Da aka ɗaga motar da santimita 1, ta sauko zuwa 1.13. Kuma abin bai tsaya nan ba. Doguwar taya gefenta na da laushi, tana lanƙwashewa a kwana, motar ta ƙara karkata. Ga shi kuma a fili mai santsi babbar taya na sa mota ta fi gudu, domin kowane juyi ɗaya yana cin ƙasa mai yawa. Mota ta fi gudu, ta fi tsayi, ta fi karkata. Da zarar gefen taya ya maƙale a tsagar taɓo, sai dungure. A manyan motoci ma mafi yawan kifewa haka take faruwa: mota ta zame, taya ta tuntuɓe da gefen kwalta, rami ko ƙasa mai laushi.

Hannun da ya karye

Saura hannun sitiyarin. Sabbin tayoyin sun fi faɗi, da muka ɗaura su sai suka riƙa gugar jikin motar in an karya kwana. Mai gyaran ya ce a sa wasali, wato 'yan zobba a bayan tayar, a turo ta waje. Gugar ta daina, kuma tazarar tayoyin ta ɗan ƙaru, wanda ya taimaka wajen rage kifewa. Amma mun sake ƙirƙirar wani hannun sifana. Yanzu wurin da taya ke taɓa ƙasa ya yi nisa da wurin da take juyawa a kai. Duk dutsen da ta daka, da dogon hannu yake murɗa sitiyari da boris. Ka riƙe bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, nauyin bai canza ba amma kafaɗarka za ta ba ka labari. Ɗan hannun roba ya yi kwana shida yana ɗaukar wannan duka, ran na bakwai ya haƙura.

Daga bakin ruwa zuwa hanyar Kontagora

Motar wasa in ta kife, yaro zai ruga ya ɗaga ta ya kakkaɓe yashi. Motar da ke ɗauke da mutane ba haka ba ce. Kuma lissafin kifewar nan da muka yi babu nauyin mota a cikinsa, siffa ce kawai, don haka yadda ya kama ƙaramar haka yake kama babbar.

Wanda ke bin hanyoyin ƙauyukan Ngaski da Shanga da damina ya san dalilin da ya sa direbobi ke son babbar taya. Ba ƙawa ba ce, cikin mota ne ba a so ya riƙa dukan ƙasa. Amma mu duba lambobin. A jikin taya za ka ga rubutu kamar 195/65 R15. Ma'anarsa faɗin tayar milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, rim kuma inci 15. Tsayin wannan taya gaba ɗaya kusan milimita 635 ne. Idan mai faci ya ce maka ga 215/70 R15, ai rim ɗaya ne za ta shiga, gaskiya ya faɗa, za ta shiga. Amma tsayinta milimita 682 ne, ƙarin kashi 7.5 cikin 100. Ga abin da ka saya:

Cikin mota ya ɗagu da milimita 24, bai kai faɗin yatsu biyu ba.

Maleji zai fara yi maka ƙarya, domin juyin taya yake ƙirgawa ba ƙasar da aka ci ba. In ya nuna 100, kana kan 107 da ɗoriya. Kuma da yake nisan tsayawa na tafiya da gudu a ninka shi da kansa, wannan ɗan bambanci kaɗai ya ƙara maka kusan kashi 16 cikin 100 a kan tazarar da kake bukata kafin ka tsaya. A kan babban titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yauri zuwa Koko, inda shanu ko yaro kan iya fitowa ba zato, 'yan mitocin nan ba abin rainawa ba ne.

Birki ma hannun sifana ne. Da taki iri ɗaya, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100. In mota ba kaya, direba zai ƙara taka birki ne kawai, ba zai ma lura ba. In an yi mata lodin buhunan albasa har saman rufi, birki ya yi zafi, a nan ne ragin zai bayyana. Lodin saman rufi kuma ya ɗaga cibiyar nauyi fiye da yadda taya ta ɗaga ta, sai abu biyu su haɗu.

Mota za ta rage ƙarfin ja a hawa, kuloci ya ƙara shan wuya, kuma a tafiyar tsaya-tashi za ta ƙara shan mai.

Babur ma haka ne. A jikin tayar babura da yawa za ka ga 2.75-17 ko 3.00-17, wato faɗi da rim a ma'aunin inci. Wasu kan sa wadda ta fi faɗi a baya saboda ɗaukar kaya. Idan aka cusa taya mai faɗi a siririn rim, bayanta kan tsuke ya yi tsini, sawunta a ƙasa ya canza siffa, ba lallai a samu ƙarin riƙon da ake nema ba. Sannan in an ɗora buhu biyu da fasinja shokozoba ta nutse, tayar na iya gugar madigadi ko ta matso kusa da sarƙa. Taya mai guga a kan gudu, fashewa take jira.

Yadda muka gyara, da abin da za ka iya yi

Ba mu koma kan tsofaffin tayoyin ba, domin yaron na da hujja, yashi yake so. Abin da muka yi shi ne biyan kowane bashi da tayar ta jawo. Ƙaramar giyar da ke kan injin mai haƙora 20 ce, muka nemo mai 16. Ka raba 20 da 1.25, 16 za ka samu, wato ƙarfin tashi ya dawo yadda yake, zafin ya sauka. Muka sauko da batir daga saman motar zuwa ƙasan cikinta don cibiyar nauyi ta yi ƙasa. Muka cire zobban, muka ɗan yanke gefen jikin motar inda ake guga. Sandar sifirin kuma muka shafa mata giris mai kauri, ba ta zama shokozoba ta gaske ba, amma tsallen ya ragu. Ga masu irin wannan mota, gwaji mai sauƙi shi ne bayan minti biyar na gudu ka taɓa injin. In yatsanka ba zai iya zama a kai na 'yan daƙiƙu ba, ya yi zafi da yawa, a rage giya.

Ga mai mota ko babur kuwa, ga abin da nake ganin ya dace.

Ka fara duba girman tayar da kamfani ya rubuta. A motoci da yawa yana jikin ginshiƙin ƙofar direba, tare da yawan iskar da ake so. Masu sana'ar taya kan ba da shawarar kada bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin 100. In za ka wuce haka, ka sani sai ka taɓa wasu abubuwan.

In ɗaukar kaya ne damuwarka, ba girma za ka duba ba, lambar lodi za ka duba. Tana nan bayan lambar girma. 91 na nufin kilo 615 a kan taya ɗaya, 95 kuma kilo 690. Kana iya samun taya mai girma ɗaya da taka wadda ta fi ƙarfin ɗauka.

In yashi ne matsalar, rage iska kaɗan kan faɗaɗa sawun taya ba tare da an canza komai ba. Amma da ka hau kwalta ka mayar da iskar, don taya marar isasshiyar iska zafi take yi a kan gudu har ta fashe.

Kada ka sa taya mai girma daban-daban a hagu da dama. Kuma in ta gwanjo za ka saya, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Babbar taya tsohuwa ba ta kai ƙarama sabuwa ba.

In an riga an sa, ka loda mota yadda ka saba, ka karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a duba ko akwai guga. Ka danna kowace kusurwa da ƙarfi ka saki: in ta tashi ta zauna, shokozoba na da rai, in ta yi ta lilo, ta mutu. Ka gwada malejinka da manhajar auna gudu ta waya, wani na riƙe da wayar ba kai mai tuƙi ba. Sannan ka rage gudu a kwana fiye da yadda ka saba.

Ranar da zan koma makaranta na leƙa bakin ruwa. Motar na ta hawa yashi, ba ta kai gudun da take yi ran farko ba, amma ta daina ƙauri, ta daina dungure. Yaron ya ce, "Kawu, in ka dawo a sa mata waɗanda suka fi waɗannan." Na miƙa masa rula na ce ya fara auno mini tsayinsu da nauyinsu tukuna, sai mu zauna mu ga abin da za mu biya.